Magada sun ba mu wata uku, ina za mu kai ɗakunan sikwash?

Sakatare_Kulob: Assalamu alaikum ƴan uwa. Waɗanda ba su samu zuwa renyon jiya ba, ga abin da ake ciki. Kun san tun rasuwar Alhaji mai wurin, Allah ya jiƙan shi, muke zaman ɗar-ɗar. To babban ɗan shi ya kira ni da ma'aji ya ce an gama rabon gado, gefen da ɗakunanmu biyu na sikwash, wasan buga ƙwallo da raket a jikin bango, suke ya faɗa rabon ƙannen shi mata, su kuma sun riga sun yi ciniki da wani ɗan kasuwa da zai rushe ya zuba shaguna. Wata uku suka ba mu. Gaskiya bai yi mana wulaƙanci ba, har haƙuri ya ba mu, amma mu takarda ba mu da ita ko guda, da baki marigayi ya ce ku yi ta wasanku. Tambayata ita ce wa ya san wani wuri cikin Damagaram da za mu iya komawa, ko tsohon gini mai tsayi da za a gyara, ko fili da za a gina daga ƙasa. Don Allah a ba da shawara mai amfani, kar a mai da maganar wasa.

Ɗan_Birni: Innalillahi. Wallahi na san za a rina. Tun shekara biyar da ta wuce nake cewa a je a zauna da Alhaji yana da rai a rubuta wani abu, aka ce wai kunya, wai zai ga kamar ba mu yarda da shi ba. To ga kunyar nan.

Ma'aji: Ɗan_Birni ba lokacin tone-tone ba ne yanzu. Kuma kai ma kana cikin biro a lokacin.

Ɗan_Birni: Ina ciki, shi ya sa nake faɗi da ƙarfi na.

Kawu_Sabongari: Kayan aro ba ya rufe katara, an gani. Allah ya saka wa marigayi, shekara nawa muna buga bangon shi ko dala bai taɓa karɓa ba, har kuran ɗin gidan shi muka ja na ɗan lokaci. A yi wa magada godiya a fita lafiya, kar wani ya je ya yi masu baƙar magana.

MaiBulo: Ni dai ku faɗa min girman abin tukuna, na taɓa leƙawa sau ɗaya na ga ɗaki ne kawai babu komai ciki. In ɗaki ne ai ko ina sai a yi, sati uku na tada maku biyu.

Injiniya_Zango: MaiBulo yallaɓai ba ɗaki ba ne kawai, nan ne mutane ke kuskure. Tsawon shi mita 9,75, faɗi mita 6,40, wato mita 62,4 murabba'i kowane ɗaya, biyu kusan 125 ke nan ban da wurin zama da bayi da wurin canza kaya. Faɗin ƙasa ba shi ne matsalar ba, parsel ta mita 300 ta ishe mu har da saura. Tsayi shi ne bala'in. Jan layin sama na bangon gaba yana mita 4,57, kuma ƙa'ida ta ce daga ƙasa zuwa duk abin da ya rataya a sama, fitila ko ƙarfen rufi, kar ya gaza mita 5,64. Gidajenmu na gari nawa ne suka wuce mita uku da rabi? Shi ya sa duk wanda zai kawo shawarar tsohon gini ya fara ɗaga kai sama kafin ya duba ƙasa. Bangon baya kuma layin shi mita 2,13 ne, can ne ake yin gilashi a manyan wurare ko a bar sama buɗe mutane su hau su yi kallo kamar namu.

MaiBulo: Kusan mita shida? To wannan ai masallaci ne ba ɗaki ba.

Injiniya_Zango: Kuma ba da bulonka mai rami ba, ka yi haƙuri. Bangon gaba dole ya zama cikakke, ko bulo marar rami ko a cika ramukan da kankare, in ba haka ba ƙwallon tana bugawa za ka ji ƙwam kamar ganga kuma shafen zai fara zubowa kafin damina biyu.

Hajiya_Raket: Salamu alaikum. Sakatare kafin maza su kai mu bayan gari bari in faɗi tawa da wuri. Mu mata tara ne ke zuwa safiyar Talata da Alhamis da Asabar, kuma in gaya maku gaskiya abin da ya sa mazanmu da iyayenmu suka yarda shi ne wurin a rufe yake, bango huɗu da ƙofa guda, ka shiga ka kulle babu mai kallon ka, kuma cikin gari yake, ni daga gida minti goma a ƙafa. Likita ne ya ce in rage jiki saboda suga, na gwada tafiya a bakin titi da asuba, kwana huɗu na bari saboda idon mutane da ƴan kabu-kabu masu tsayawa suna tambaya Hajiya ina zuwa. Nan ne kaɗai na dawwama, shekara ta uku ke nan. In kun kai shi kilomita goma a hanyar Tanut to ku sani kun sallame mu ne kawai ba tare da kun faɗa ba.

Ƴar_Tudun_Jamus: Anti kin gama magana. Ni Baba da kan shi ya zo ya ga wurin kafin ya bar ni.

Alhaji_Tireloli: Ina da fili a hanyar Mirya, ba a cikin Mirya ba, kafin a kai rabi. Takardu cikakku. Zan ba da mita 400 kyauta fi sabilillahi in kulob ya shirya gini.

Kawu_Sabongari: Masha Allah, Allah ya ƙara arziki Alhaji.

Hajiya_Raket: Allah ya saka da alheri Alhaji, amma ranka ya daɗe ka karanta abin da na rubuta a sama kuwa?

Alhaji_Tireloli: Na karanta Hajiya. Abin da nake da shi ke nan, cikin gari kam ko ni haya nake biya wa garejina. Gari kuma tafiya yake, wurin da kike gani daji yau nan da shekara goma unguwa ce.

Ɗan_Birni: Nan da shekara goma gwiwoyinmu sun gama aiki Alhaji.

Bako_227: Ni ban gane ba, an saka ni a gurup ɗin nan ne saboda tanis. Amma tsakani da Allah a garin da mata ke kwana a layin pampo, ana sayen bido a hannun ƴan ga-ruwa da tsada, ku kuna neman miliyoyi ku gina ɗakin da mutum biyu za su shiga su yi ta dukan bango? Wasan masu kuɗi ne wannan. In taimakon matasa kuke so ku gyara filin ƙwallo ko ku tallafa wa ƴan kokawa, su ne namu.

Ƙaramin_Jahangir: Yaya Bako da girmanka amma wannan magana ba haka take ba. Ni babana tela ne a kasuwar Dole. Raket ɗin da nake bugawa da ita Kawu_Sabongari ya ba ni, ta tsage a wuya an ɗaure da waya da salatif, takalmina na gwanjo ne. Mu goma sha ne yaran unguwa da muke shiga bayan la'asar ba ma biyan ko dala, sharaɗin kawai mu share ɗaki mu goge ƙasa kafin manya su zo. Wane mai kuɗi?

Ma'aji: Kotizasiyo jika biyu ce a wata, kuma rabi ba sa biya, Bako in kana son ganin masu kuɗin zo in nuna maka littafi ka sha dariya.

Bako_227: To na ji, amma maganar ruwa fa gaskiya ce.

Injiniya_Zango: Gaskiya ce kuma ta shafe mu kai tsaye. Garin nan a kan dutse yake zaune, duwatsun da kuke gani a Birni su ne a ƙarƙashinmu, shi ya sa ruwan ma daga nesa ake jawo shi. Gini irin wannan yana shan ruwa, kankare sai an yi ta ba shi ruwa kwanaki bayan an zuba in ba haka ba ya tsattsage. Duk wanda zai yi lissafi ya sa kuɗin ruwa a layi na kan shi, kuma kar a fara aikin a watan huɗu ko na biyar. Alhaji filin naka akwai ruwa kusa?

Alhaji_Tireloli: Akwai rijiyar wani mai garka ba nisa. Siterna kuma ina iya turowa.

Dattijo_62: Ku bar ni in ɗan yi tsufa na. Bangon gaba na ɗaki na ɗaya ni na ga yadda aka shafe shi, wani tsohon magini ne daga Garin Malam, ya rasu tuni, bai taɓa ganin wasan ba a rayuwar shi. Muka ce mashi muna son bango sumul kamar tafin hannu babu tudu babu kwari. Sai ya sa aka tankaɗe yashi da rariyar gari har sau biyu, ya shafa, da dare ya zo da fitilar hannu ya kwantar da ita jikin bango yana kallon inuwa, duk inda inuwa ta fito ya sa alama da gawayi gobe ya gyara. Kwana tara yana abu guda. Yau ku je ku shafa hannu, baƙin tabon ƙwallo ya rufe shi daga tsayin ƙirji zuwa ƙasa kamar an watsa tawada, amma tsaga guda ce kawai a kusurwar hagu kuma ita ma girgizar tirela ce ta kawo ta. Kwanon ƙasa kuma, wanda in ƙwallo ta taɓa ka faɗi, tol ɗin tsohuwar ƙofar gareji ne muka yanka muka kafa a kan katako, shi ya sa ƙarar shi ta fi ta ko ina, har mai shayin ƙofa ya san an zubar da maki. Wannan bango shi ne ke min ciwo, fili ana samu, raket ana saye, amma hannun tsohon nan ba a ɗauka a kai wani wuri.

Ƴar_Tudun_Jamus: Baba kun sa ni hawaye wallahi.

Ƙaramin_Jahangir: Baba tol ɗin dai mu cire shi mu tafi da shi duk inda za mu.

Dattijo_62: Shi kam ko da dare ne sai na cire.

Na_Kano: Gaisuwa daga nan. Ni shawarata kar ku tsaya kan gini biyu, ku yi ɗaya mai kyau. Nan na ga wuraren da aka yi ɗakuna da yawa aka kasa kula da su, rufi na yoyo katakon ƙasa ya kumbura. Kuma in za ku yi sabo ku yi ƙasan katako, simintin nan naku shi ya kashe min gwiwar dama, duk zuwan da na yi gida na buga sai na kwana biyu ina ɗingishi.

Injiniya_Zango: Katako shi ne ƙa'ida, ana ɗora shi a kan wasu sanduna ne don ya riƙa ɗan lotsawa in ka taka, amma Na_Kano ka tuna gara, ka tuna bushewar hunturu da ke tsaga ko ƙofar ɗaki. Wanda ya dace daga waje ake kawo shi, kuɗin shi kaɗai zai iya kai na bangon duka. Ni da a ce a yi katakon banza gara siminti mai kyau a sa takalmi mai taushi.

Likitan_Dare: A matsayina na mai ganin gwiwoyinku in kun lalata su, ina bayan katako. Amma abin da ya fi damuna iska ne. Ɗaki na biyu na yanzu tanda ne, a watan huɗu ana haura digiri 40 a waje, ciki kuwa tol ya gasa shi tun safe, sau biyu ina ɗaga mutum ƙafa sama a wurin nan. Duk inda za a koma a bar tagogi a can sama da layi, gabas da yamma, iska ta ratsa.

Ɗan_Birni: Tagogi kuma hunturu ya cika mana ɗaki da ƙura mu yi ta sulɓi. Kun manta lokacin da Ma'aji ya tafi da baya kamar an ja tabarma?

Ma'aji: Ba ƙura ba ce, zufar ka ce da ba ka gogewa.

Malam_Lakwal: Tambayar jahili, me ya sa ba za a yi da ƙasa ba irin ginin gargajiya? Gidajen Birni da fadar sarki bangon su kauri gare shi, ciki sanyi ko da rana tsaka, kuma zaurukan suna da tsayi. Ga arha.

Injiniya_Zango: Malam ba tambayar jahili ba ce, na daɗe ina tunanin ta. Sanyi kam babu kamar ginin ƙasa. Matsalar ita ce shafen siminti ba ya kama jikin ƙasa da kyau, da kan shi ma yana ɓamɓarewa balle ana jibgar shi da ƙwallo sau dubu a yini. Abin da zai yiwu shi ne a yi ciki da bulo cikakke, a lulluɓe waje da katangar ƙasa mai kauri don zafi, amma ka ga gini biyu ke nan, arhar ta gudu.

Sakatare_Kulob: Jama'a muna ta gini a iska, har yanzu wuri guda kawai aka ambata, na Alhaji. A dawo kan tambaya don Allah.

Kawu_Sabongari: To ga ɗaya. Tsofaffin mangazan gyaɗa na zamanin da, akwai su a Zango da wajen kasuwa, wasu an mai da su ɗakin ajiyar siminti wasu a kulle kawai jemagu na kwana. Tsayi gare su sosai don buhu ake jerawa har sama. Na san mai guda, abokin yayana ne, zan iya yi mashi magana.

Injiniya_Zango: Kawu wannan ita ce shawara mafi ma'ana da na ji yau, in dai babu ginshiƙi a tsakiya. Na taɓa auna wata don wani aiki daban, tsayi ya kai har ya wuce, tsawo kamar filin ƙwallo, amma ginshiƙan ƙarfe a jere kowane mita biyar, mu kuma 6,40 muke nema babu abin da ya tsaya a ciki. Santimita ba ta da kara a wasan nan, in ka rage faɗi ka canza wasan gaba ɗaya, yaran da suka koya a ciki in sun je wani wuri sai su rasa inda ƙwallo take. Ku tambaye shi tazarar ginshiƙai kafin komai.

Kawu_Sabongari: Ba zai sani ba, sai dai mu je da mita.

Ɗan_Birni: Kuma a wannan karo TAKARDA. Kontara a rubuce, shekara goma ko sha biyar, da shaidu da sa hannun magadan shi tun yana da rai. Kar a sake cewa kunya.

Ma'aji: A nan kam na bi ka.

Hajiya_Raket: Zango ta yi mana. Ko da kabu-kabu ne ba nisa.

Ƴar_Jami'a: Me zai hana a nemi jami'ar André Salifou ko wata lise ta ba mu kusurwa a cikin harabarta? Suna da fili, akwai gadi, ga ɗalibai da za su shigo wasan. Mu gina, su ba da ƙasa, a raba lokaci.

Malam_Lakwal: Ƙanwata a takarda yana da daɗi. Ni na koyar shekara ashirin, abin da na gani shi ne duk ginin da aka yi a harabar makaranta na makaranta ne, shugaban da kuka yi yarjejeniya da shi za a canza shi, sabo ya zo ya ga ɗaki babba babu kowa da safe sai ya zuba teburan da suka karye ko ya mai da shi aji. A wata makaranta da na zauna ɗakin karatu guda haka ya koma ma'ajiyar buhunan abinci. Ban ce kar a gwada ba, amma dosiyen ya bi ta sama, ba ta hannun mutum ɗaya ba.

Sakatare_Kulob: Maganar dosiye, ku sani kulob ɗin ma kan shi takardar izinin ƙungiya ba mu taɓa kammala ta ba. Ko meri muka je neman fili abin da za su fara tambaya ke nan.

Ɗan_Birni: La ilaha illallahu. Shekara nawa muna zaɓen shugaba da sakatare ashe a iska muke.

Ƙaramin_Jahangir: Ni dai abin da nake so manya su duba, wasan nan fa ya shiga Olamfik, za a buga shi karo na farko a Los Angeles a 2028. Kuma ba Turawa ke riƙe da shi ba yanzu, Misirawa ne, ƴan Afirka kamar mu, Ali Farag da ya yi ritaya a 2025, Mostafa Asal, a mata ga Nour El Sherbini da ta ci kofin duniya tana shekara 20, ga Nouran Gohar. In za a rubuta wa hukuma a sa wannan a ciki su san ba wasan banza ba ne.

Bako_227: Kai yaro Misira daban Damagaram daban. Lambobin Nijar na Olamfik biyu ne duka duka, Issaka Daboré a dambe 1972 da Alfaga a taikwando 2016, duka wasan da ba ya son ginin miliyoyi.

Na_Kano: Bako ai Misirar ma ba daga sama ta faɗo ba. A 1996 suka kafa ɗakin gilashi a gaban dalar Giza, ɗan ƙasarsu Ahmed Barada ya kai wasan ƙarshe, yara suka gani suka ruɗe, 2003 Amr Shabana ya zama Bamisire na farko da ya ci kofin duniya, daga nan abin ya ɓalle. Amma gaskiyarka a wuri guda, su suna da manyan kulob a Alƙahira da Iskandariya cike da ɗakuna tun zamanin Ingilishi, mu muna neman inda za mu sa guda biyu.

Dattijo_62: Mu a zamaninmu ƴan Pakistan ne. Wanda yaron nan ya ari sunan shi, Jahangir Khan, wasa 555 ya ci a jere daga 1981 zuwa 1986 ba a kayar da shi ba. Kuma Hashim Khan da ya buɗe masu hanya yaron tsintar ƙwallo ne a kulob ɗin hafsoshin Ingila a Peshawar, in sun tashi shi kuma ya shiga ya buga ba takalmi. Shi ya sa Bako in ka ce wasan masu kuɗi sai in yi murmushi, masu kuɗi ke gina ɗakin, yaran da ke share shi su ke zama gwanaye.

Ƙaramin_Jahangir: Baba kun ji ko, to saura ku bar mu mu riƙa shiga ɗaki na ɗaya ba na biyu kullum ba 😂

Likitan_Dare: Ka fara cin Ma'aji 11 da 3 tukuna.

Ƙaramin_Jahangir: Ai na yi ranar Juma'a, ya ce ƙwallon ce ba ta yi zafi ba.

Ma'aji: Kuma gaskiya ce! Mai ɗigo biyu rawaya da sanyin safiya kamar dutse take, sai an murza ta ƙarƙashin takalmi an bubbuga ta ta ɗumama, shi kuma ya ƙi bari a ɗumama ya ce a fara.

MaiBulo: Ni fa har yanzu ina lissafi. Me ya sa dole sai an rufa sama? A tada bango huɗu a bar shi buɗe kamar garka, an huta da kuɗin tol da ƙarfe da fitila da zafin da Likita ke faɗa.

Injiniya_Zango: Ana yi a wasu ƙasashe, amma nan rana za ta hana wasa daga ƙarfe tara zuwa biyar, dare kuma dole fitila, damina ruwa ya kwanta ciki tunda ƙasan a miƙe take babu gangare, hunturu ka share yashi kafin kowane wasa. Sai dai a matsayin mataki na farko, a yi bango da ginshiƙan da za su ɗauki rufi daga baya in kuɗi sun samu.

Hajiya_Raket: Buɗaɗɗen sama kuma yaran unguwa su hau katanga su zauna kallo. A'a.

Alhaji_Tireloli: A filina babu yaran unguwa Hajiya, sai akuyoyi.

Hajiya_Raket: Alhaji kai dai sai ka kai mu dajin nan 😄

Ƴar_Jami'a: Wai ba za a iya roƙon wanda ya sayi wurin ba? Ya yi shagunan shi a gaba bakin titi ya bar mana ɗaki na ɗaya a baya mu riƙa biyan haya. Ɗakunan ai ba a bakin hanya suke ba.

Sakatare_Kulob: Na yi wannan tunanin. Ban san shi ba, an ce mutumin ba ya zama gari sosai, yana tsakanin nan da Maradi. In akwai wanda ke da hanya zuwa gare shi ya same ni ta waya kar a rubuta suna a nan.

Kawu_Sabongari: Ɗan kasuwa lissafi yake, mita 62 shago nawa ne, kowane shago jika nawa a wata, in za mu iya biyan abin da ya kai wannan zai saurare mu, in ba za mu iya ba kar mu je mu zubar da mutunci. Ma'aji nawa ke cikin asusu tsakani da Allah?

Ma'aji: Kawu ba zan rubuta a gurup mai mutum fiye da ɗari ba. Abin da zan ce kawai ko tubalin bango guda ba zai saya ba, kuma masu bashin wata shida shida suna cikin nan suna karantawa suna ba da shawarar katako daga waje.

Na_Kano: Ni nake nan? Turo min lamba in aiko yau.

Ma'aji: Ban ambaci suna ba amma za a turo.

Bako_227: To ni da na shigo da faɗa, in za a je ganin mangazar ku kira ni, ina da mota kuma ina son in ga ɗakin nan da Baba ke ba da labari kafin a rushe.

Dattijo_62: Zo da takalmi mai farin ƙasa, baƙi yana ɓata mana daɓe. Zan ara maka raket.

Ɗan_Birni: Ni har yanzu ban ji an amsa ba, in wata ukun ya cika mangaza ba ta yi ba, gini bai tashi ba, yaran nan goma sha da matan nan tara ina za su? Kano ta fi kilomita 200, ba wurin zuwa antirenma ba ne. In aka yi shekara ba a buga ba kowa ya watse, ko an gina daga baya sai dai mu tsofaffi mu je mu zauna a sama mu sha shayi.

Malam_Lakwal: Ko bango ɗaya ne a samu na wucin gadi a ja layi a riƙa bugawa hannu kar ya mutu.

Alhaji_Tireloli: Tayina dai yana nan, ba ya ruɓewa. Ko ba a gina yanzu ba a karɓi takardar a ajiye da sunan kulob.

Sakatare_Kulob: Da sunan kulob ɗin da ba shi da takarda Alhaji. To ga yadda na fahimta, Asabar bayan la'asar Kawu da Injiniya da duk mai so za mu je mangazar Zango, Malam_Lakwal da Ƴar_Jami'a ku taimaka min da rubuta takardun ƙungiya, filin Alhaji kuma mu je mu gan shi da ido kafin a ce e ko a'a, Hajiya har da ke.

Hajiya_Raket: Zan je amma ra'ayina ba zai canza ba. Kuma Asabar da safe lokacinmu ne, kar wani ya zo ya ce zai fara cire fitilu.

Injiniya_Zango: Mitata ta mita biyar ce kawai, wa ke da doguwa ta 20 ko 30? Da tsani kuma, tsayin ba a auna shi da ido.

MaiBulo: Ina da duka biyu, amma tsanin sai an aiko adaidaita, ba ya hawa babur.